Noman Fumfuna a Ɗakin Amarya

In ka sauka a tashar Gaya ka ce kana neman mutumin da ya san komai, ba za a ɓata maka lokaci ba, rumfar cajin waya ta Gwadabe za a nuna maka. Ba wai mutanen gari ne suka yi masa wannan shaida ba, shi ya yi wa kansa, su kuma suka gaji da musu. Ya taɓa yin 'yan watanni a Abuja yana miƙa wa magina bulo, ya dawo da hular kwano ruwan ɗorawa da sunan Injiniya. Tun daga ranar ko akurkin kaji aka kafa a unguwa, sai ya tsaya ya rufe ido ɗaya ya ce an karkace.

An ɗaura masa aure da Muhsina, 'yar Ajingi, saura tarewa. Dangin amarya kuwa sun kafa sharaɗinsu kamar yadda aka saba: ba gado, ba katifa, ba ko cokali da zai bar Ajingi sai mata sun zo sun ga ɗaki da idonsu, sun auna wurin labule da leda. Wadda za ta jagoranci zuwan ita ce Gwaggo Barira, ƙanwar uban yarinya, matar da aka ce ta taɓa mayar da akwatin lefe saboda zif ɗinsa yana cijewa.

Ɗakin da ake magana a kai yana gidan hayar Alhaji Maiwada, tsohon ginin ƙasa mai rufin soro da aka yi wa rigar siminti don ya yi kama da na zamani. Da marka ta kankama, sai Gwadabe ya wayi gari ya ga wani tabo a bangon gabas, can sama kusa da azara, faɗinsa bai wuce faifai ba. Baƙi-baƙi, kore-kore, da ɗan gashi fari kamar na tuwon da ya kwana uku. Fumfuna ce. Ya fita tsakar gida ya ɗaga kai, ya ga indararon soron ya karye daga gindi, ruwa maimakon ya yi tsalle ya faɗi ƙasa, sai ya bi jikin bango ya gangara har madafar Hure, maƙwabciyarsa mai koko, wadda take girki da ɗaure awakinta a bayan bangon nan.

Ya sa hular kwano ya nufi shagon Alhaji Maiwada, inda ya same shi yana auna gero.

Alhaji ya saurari bayanin har ƙarshe bai ɗago daga kan tiya ba. Sannan ya ce shi tun kafin a haifi Gwadabe yake ba da ɗakin nan haya, bai taɓa jin ya yi fumfuna ba sai da gwauro ya shige shi. Gwauro ba ya buɗe taga, gwauro a ɗaki yake shanya, gwauro yana ajiye kwanon wake a ƙarƙashin gado har ya haifi 'ya'ya.

"Alhaji, bangon naka ne ko nawa?"

"Nawa ne."

"Indararon fa?"

"Shi ma nawa ne. Numfashin da ake yi a ciki ana rufe da taga kuma naka ne. Ka buɗe taga, ka sa tsumma ka goge, ka bar ni in sallami mutane."

Gwadabe ya ce a Abuja da za a ga wannan, da hukuma ta sa wa gidan jan fenti. Alhaji ya ce to ai mota tana tashi zuwa Abuja kullum, kuma shi bai riƙe wa kowa riga ba.

Daga nan sai ƙofar gidan Mai unguwa Tukur. Dattijon ya ji ƙara, ya ce shi ba ya yanke hukunci a kan bangon da bai gani ba. Yana da shari'ar gona a gabansa da wata rabon gado, amma nan da sati uku, ranar Asabar, zai zo bayan la'asar, a kira Alhaji, kowa ya faɗi nasa.

A teburin mai shayi da yammar ranar, Gwadabe ya baje kolinsa. Ya ce su zuba ido su sha kallo. Ba indararo kaɗai ba, sai Alhaji ya kankare ɗakin nan kaf, ya yi sabuwar filasta, ya shafa fenti mai ƙyalli, ya shimfiɗa tayil, kuma ko sisinsa ba zai yi ciwon kai ba. Amarya za ta shigo ta ɗauka otal aka kawo ta. Wani ya ce Alhaji Maiwada da ko ƙudan shagonsa ba ya kora sai ya duba ƙafarsa ko ta ɗauki gari, shi ne zai sa tayil? Gwadabe ya ce abin ba ƙarfi ba ne, ilimi ne, kuma shari'a hujja take ci.

To, sai Allah ya kawo rana. Hadari ya janye, gari ya buɗe, aka yi kwanaki ana zafi kamar bazara. Kowa a Gaya yana murna zai shanya kaya, Gwadabe kaɗai yake duban sama da harara. Kullum ya tashi sai ya ga tabonsa ya ƙanƙance. Daga faifai ya koma murfin kwano, daga murfin kwano ya kama hanyar zama tafin hannu. Ya tsaya gabansa ya riƙe ƙugu. Wannan ɗin zai nuna wa Mai unguwa? Wannan ko buhun siminti ɗaya ba zai ciwo ba, balle tayil. Dariya za a yi masa, a ce ya sa tsumma, maganar Alhaji ta tabbata.

Nan dabara ta faɗo masa, har ya ji tausayin sauran mutane da ba a ba su irin kansa ba. In manomi ya ga ruwa ya ɗauke shuka tana yaushi, me yake yi? Ban ruwa. Ai ba ƙarya zai yi ba, fumfunar ta Alhaji ce, shi riƙon amana kawai zai yi mata kada ta mutu kafin ranar shari'a.

Ya toshe taga da buhu, ya bi da leda, ya cusa tsumma a ƙasan ƙofa. Safe da yamma ya cika buta ya hau kan kujera yana tsiyaya wa bango. Tabon ya farfaɗo, amma a hankali, kamar ɗan maraƙin da aka yaye da wuri. Gwadabe ba mai haƙurin jira ba ne. Ya zauna ya yi nazari irin na masana: me ya sa tuwo yake fumfuna cikin kwana biyu, bango kuwa sai ya yi wata? Saboda tuwo abinci ne. Ashe yunwa ce take damun hujjarsa.

Ya zagaya madafar Hure da bokiti. Kullum in ta wanke surfen geron koko, ƙasarin da ta tsiyaye awakinta take ba wa, su uku, ciki har da wata jar akuya mai ƙaho ɗaya da ta fi sauran fitina. Gwadabe ya gaishe ta da ladabin da bai saba ba, ya ce in ba damuwa ta riƙa ajiye masa ƙasarin nan.

"Ango, kiwo ka fara?"

Ya ce a'a, magani ne. Wani babban likita a Abuja ya ce ba abin da yake gyara jikin mai shirin angwanci kamar ƙasari.

Hure ta dube shi daga hula har takalmi. "Bokiti guda?"

"Har da na wanka, Yaya Hure."

Ta ce Allah ya ba da lafiya, ta juye masa. Awaki suna kallo abincinsu ya bi wani ya shige ɗaki.

Ya samo tsohuwar tsintsiya, ya riƙa tsomawa yana yarfa wa bango, daga sama har ƙasa, kusurwa zuwa kusurwa. Da ya ga hannunsa ya faɗa, sai ya ƙara da ragowar koko da ɗan ruwan tsamin gasara, wai taki. Kafin a ce me, gona ta yi kyau. Kore ya bazu, baƙi ya bi shi, fari ya yi tozo a kai kamar auduga, har da wani ruwan goro da shi kansa bai san daga inda ya zo ba. Ta cinye bangon gabas ta leƙa na kudu. Gwadabe ya riƙa ɗaukar ta hoto yana nuna wa 'yan teburin shayi, yana cewa su dubi zaluncin masu gidajen haya. Har wani ya ce a sa a rediyo.

Sai dai ita fumfuna ba ta san da wa ake shari'a ba. Ta sauko ta kama takalminsa na fata. Ta shiga jakar kaya ta yi wa shaddar da ya ɗinka ta ranar tarewa zane a gadon baya. Hularsa ta zanna ta fito da gemu. Kyankyasai suka yi ƙaura daga duk gidan suka tare a wurinsa, tururuwa ta kafa layi daga bakin ƙofa kamar masu karɓar taki. Shi kuma mura ta kama shi, da atishawar da in ya fara sai ya yi bakwai a jere, ido ya yi ja kamar gauta. A masallaci, duk sahun da ya shiga sai ka ga ya yi giɓi dama da hagu, har liman ya juyo ya ce a matso a cike, aka matso da ƙafa amma kowa ya kawar da hanci. A rumfar caji wata mata ta karɓi wayarta ta shinshina, ta tambaye shi ko a cikin tulun daddawa yake caji.

Awakin Hure kuwa sun gano inda rabonsu yake kwana. Da an kwance su da safe, ba sa neman ƙofar gida, ƙofar Gwadabe suke yi wa zaman dirshan. In ya fito su bi shi suna lasar ƙafar wandonsa. Ranar nan jar akuyar ta raka shi har bakin tasha, direbobi suna tambaya ko cikin sadaki aka ba shi canji. Hure ta ce masa awakinta sun rame, in jikin nasa ya gyaru a mayar musu da abinsu. Ya ce saura ƙiris, likita ya ce kada a yanke magani a tsakiya.

Da ɗakin ya gagari kwana, sai ya ɗauki tabarma ya koma zaure, ya ce wa masu wucewa zafi ne ya koro shi. Amma bai fasa ban ruwa ba. Ya ma lura in ya danna bangon da yatsa yana lotsawa kamar cikin jariri, ya ce madalla, wannan ko alƙalin alƙalai aka kawo sai ya zubar da hawaye.

Ranar Juma'a da yamma waya ta yi ƙara. Muhsina ce, muryarta cike da murna. Ta ce albishirinsa, su Gwaggo Barira sun sa rana, gobe Asabar za su zo ganin ɗaki, in ya yi musu, jere sati mai zuwa. Gwadabe ya waiwaya ya dubi ƙofar ɗakin. Ya ce ba za a ɗaga zuwa wani satin ba? Ta tambaya a sanyaye ko dai bai matsu ta tare ba ne. Ya rantse ya maya ya ce ya matsu, ɗaki ma tsaf yake, su zo ko yanzu.

Ya kashe waya ya yi atishawa. Gobe ke nan yana bukatar ɗaki biyu a cikin ɗaki ɗaya: na Gwaggo mai kyau kamar ɗakin amarya, na Mai unguwa kuma kamar kushewa. Wani da tuni ya ɗora hannu a ka. Gwadabe murmushi ya yi. Mata da hantsi za su zo, Mai unguwa sai bayan la'asar. Tsakaninsu akwai azahar guda. Abin duk tsari ne, kuma tsari shi ne aikin injiniya.

Da sassafe ya aro zannuwan gado daga wurin mai wanki, ya haɗa da labulen rumfarsa. Ya ɗauko ƙusa ya saita a bango ya ɗaga guduma, kafin ya buga ƙusar ta shige da kanta har kai, ya zaro ta da yatsa biyu. Ya gwada wani wurin, haka. Ƙarshe ya ɗaura igiyar shanya daga azara zuwa ƙarfen taga, ya rataye zannuwan suka sauko har ƙasa, suka rufe gonar ruf. Ya share kyankyasai, ya kunna turaren wuta kasko biyu, ya fesa turaren ɗan goma har kwalba ta ƙare. Warin bai tafi ba, sai dai ya yi aure da ƙamshin suka haifi wani abu na uku. Ya sa shaddarsa, ya yafa rawani a kafaɗa don ya rufe zanen baya, ya roƙi Hure ta ɗaure awakinta yau ɗaya saboda baƙi.

Hantsi ya yi, ba mata. Azahar ta yi, ba mata. Ya kira, aka ce motar Ajingi ba ta cika ba, direba ya rantse ba zai tashi da kujera biyu a wofi ba. Can gabas kuma hadari ya fara haɗowa, baƙi ƙirin. Mai unguwa Tukur ya dubi sama ya ce ba zai bari ruwa ya tare shi a gidan mutane ba, ya aika a kira Alhaji Maiwada, suka taho tun kafin a kira la'asar. 'Yan teburin shayi da aka yi wa alkawarin kallo suka biyo bayansu.

A bakin zaure aka yi kiciɓis. A daidai lokacin da Mai unguwa ya yi sallama, a daidai lokacin Keke Napep ta sauke Gwaggo Barira da mata biyu, ɗaya riƙe da igiyar awo. Gwadabe ya zube ƙasa yana gaisuwa, ya rasa wa zai fuskanta, ya riƙa juyawa a tsugune kamar dutsen niƙa.

Mai unguwa ya ce ai abin ya zo da sauƙi, iyayen yarinya ma shaida ne, a shiga gaba ɗaya. Gwaggo ta tambaya shaidar me. Gwadabe ya ce shaidar alheri, Mai unguwa ya zo sa albarka ne. Dattijon ya ɗan dube shi, ya wuce ciki. A tsakar gida ya tsaya ya ɗaga kai ya kalli indararon nan da ya karye, ya kalli Alhaji, Alhaji ya kalli takalminsa.

Aka shiga ɗaki. Gwaggo Barira ta ja mayafi ta toshe hanci tun daga bakin ƙofa. Ta dubi tagar da aka liƙe, ta dubi zannuwa.

"Wannan fa? Asibiti ne?"

"Ado ne, Gwaggo. Yanzu haka ake yi a Abuja, bango ba ya zama tsirara."

Alhaji Maiwada ya leƙa dama ya leƙa hagu, fuskarsa ta washe. Ya ce, ranka ya daɗe, ga ɗaki nan lafiya lau, ina abin da aka tara mutane a kai? Mai unguwa ya juya ga Gwadabe.

"Malam Gwadabe, ka ce mini ɗakin nan ko dabba ba za ta kwana a ciki ba. Ina ɓarnar?"

"Allah ya ja zamaninka, tana nan. Wato ba ta nan sosai. Tana zuwa ne tana tafiya."

"A nan za a sa mana yarinya, inda dabba ba ta kwana?" in ji Gwaggo.

"A'a Gwaggo, ɗaki garau yake."

"To alhamdu lillahi," in ji Alhaji. "Ku shaida, da bakinsa ya ce garau. Ni na tafi shago."

"Ba garau ba ne, Alhaji, ka san ba garau ba ne."

"Ɗan nan," Gwaggo ta ce, "ka tsaya a kan ƙafa ɗaya. Garau ne ko ba garau ba?"

Gwadabe ya buɗe baki, atishawa ta riga magana fitowa. Yana cikin jerawa, rawanin ya zame daga kafaɗarsa, matan nan biyu suka ga taswirar da ke bayan shaddar, ɗaya ta taɓa ɗaya.

Ita kuwa jar akuya, duk kwanakin nan ƙofar nan a rufe take ganinta. Yau ga ta a buɗe, ga ƙamshin ƙasarin sati biyu yana fitowa. Ta fizge igiya daga turke, sauran biyun suka bi ta. Suka ratsa tsakanin ƙafafun 'yan kallo, suka wuce Mai unguwa ba gaisuwa, suka kutsa ƙarƙashin zannuwan gado. Sai ga labule yana motsi, ana jin lasa, laɓ laɓ laɓ, kamar ana wanke ƙwarya. Gwadabe ya yi tsalle ya kamo ƙafar jar akuyar ta baya yana ja, ita kuma ta kafe, ƙahonta ɗaya ya sarƙe a zani. Ya ja, ta ja. Igiyar shanya ta tsinke, zannuwa suka zubo a kan Alhaji Maiwada.

Awaki dai ba su fasa lasa ba. Bango ya bayyana daga sama har ƙasa, kore da baƙi da fari da ruwan goro, yana naso, kyankyasai suna gudun neman mafaka. Matar da ke riƙe da igiyar awo ta naɗe abarta ta sa a jaka.

Gwadabe ya ga ta nan ta ɓaci, bari ya ceci ta can. Ya miƙe ya gyara murya ya nuna bango da hannu biyu, ya ce to ga shi nan, ranka ya daɗe, kunyar surukai ce ta sa ya rufe, amma ga zaluncin da ake yi masa, ga abin da indararon Alhaji ya jawo. Alhaji ya fito daga cikin zani ya ga bango. Shi kansa ya fara lissafin buhunan siminti a zuci.

Mai unguwa ya matsa kusa, ya daɗe yana kallo. Ya ce shi dai ya ga fumfuna iri-iri a rayuwarsa, amma bai taɓa ganin wadda akuya take sha kamar an dama mata ba.

Hure ce ta shigo neman awakinta, muciya a hannu. Ta ja numfashi sau ɗaya ta tsaya cak. Ta dubi bango, ta dubi bokiti da tsintsiyar da zannuwa suka tone a kusurwa, har da sauran tsaki-tsakin gero a bakin tsintsiyar.

"Ango, ashe bangon ne zai yi angwancin? Sati biyu ina hana dabbobina ƙasari, na ce bawan Allah yana magani."

Ta mayar wa Mai unguwa da yadda aka yi tun daga bokitin farko, har da na wanka. Dariya ta fashe daga tsakar gida ta bi zaure ta fita titi. Gwadabe ya ce ba a fahimci abin ba ne, gwaji yake yi irin na kimiyya, don a gane ƙarfin ginin. Kuma ginin, in ban da saman da Alhaji ya lalata, da ƙwarinsa, shi da ya san gini yake faɗa. Ya ɗaga hannu ya bubbuga bangon don su ji.

Filastar ta saki gaba ɗaya, falle guda kamar ƙofa, ta kife a ƙasa. Jiƙaƙƙiyar ƙasar da ke bayanta ta yi ɗan tunani, sannan ta sulale ta biyo ta. Da aka gama tari aka buɗe ido, sai ga haske yana shigowa ta wata kafa mai faɗin tire, ana hango murhun Hure da tukunyar kokonta a ɗaya gefen.

Mai unguwa ya karkaɗe rigarsa, ya fito tsakar gida inda kowa zai ji. Ya ce a garin nan ƙa'idar haya ba ɓoyayya ba ce: abin da sama ta zubo na mai gida ne, abin da hannu ya zuba na mai hannu ne. Ya ce tun da ya shigo ya ga indararon nan ya gama yanke hukunci a ransa, Alhaji zai gyara shi, ya kankare bango ya sake filasta ya shafa farar ƙasa, ko tabon bai wuce tafin hannu ba, domin laifin gini ne.

"Da ka bar ta yadda Allah ya aiko ta, da ka ci shari'a. Yanzu wa zai raba mini ruwan Alhaji da ruwanka?"

Saboda haka Alhaji ya sa sabon indararo, shi ke nan nasa. Bango kuwa, ciki da waje, har da gefen madafar Hure, Injiniya ya tayar da abinsa. Alhaji Maiwada, wanda ya shigo gidan yana jiran a yanke shi, ya ce wallahi adalci ya yi, Allah ya ƙara wa Mai unguwa lafiya. Ya ƙara da cewa indararon ma sai ruwa ya ɗauke, don ba maginin da zai hau jiƙaƙƙen soro, kuma Injiniya shaida ne.

Gwaggo Barira ba ta yi dariya ba tun da aka fara. Ta koma bakin ƙofar ɗakin, ta miƙa yatsa ta danna abin da ya rage na bangon, yatsan ya nutse har gaɓa ta biyu. Ta zaro ta goge a gefen zanin mai wanki.

"Yarinya tana Ajingi, tana cin tuwon gidan ubanta. Ran da na danna nan yatsana ya ƙi shiga, a zo a yi maganar jere. Ba aike za ka yi mini ba, da ƙafata zan zo."

Gwadabe ya bi ta a baya yana cewa Gwaggo ta kwantar da hankalinta, akwai wata dabara ta busar da gini da ya gani a Abuja, da gawayi da fanka, kwana kaɗan ne. Bai rufe baki ba aka yi tsawa, ruwa ya ɓalle kamar da bakin ƙwarya. Mata suka ruga zaure, 'yan kallo suka watse, karyayyen indararo ya kama aikinsa, ruwa ya bi bango ya sami sabuwar ƙofa ya shigo ɗaki kai tsaye.

Yana tsaye a tsakiyar ɗakin, laka har idon sawu, waya ta yi ƙara a aljihunsa. Muhsina ce. Ya danna da jiƙaƙƙen yatsa, muryarta ta fito a fili ta cika ɗaki. Ta ce su Gwaggo sun iso kuwa? Ga ta a wurin mai labule, an baje mata kala-kala, ya faɗa mata wanne ne zai shiga da bangon.

Gwadabe ya dubi bango. Hure ce ta sunkuyo ta kafar daga madafarta, tana janye tukunya daga ruwa.

"Amarya, ki bar labulen nan tukuna," in ji ta. "Bari a samu bangon."